Ta yaya Pakistan ta faɗi a hannun Ingila a jerin T20 na 2022 alhali Rizwan ya fi kowa cin maki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda, ɗakinmu mu shida ne, huɗu 'yan Pakistan. Ba su da hira sai ta kurket, ni kuwa ƙwallon ƙafa na sani. Har yau suna gardama kan wasanni bakwai da Ingila ta je ta buga a ƙasarsu a 2022, ɗaya ya ce Babar da Rizwan ne suka kayar da su, ɗaya ya ce ba don su ba da ko wasa ɗaya ba za su ci ba. Na tambaya an ce min Rizwan ɗin shi ya fi kowa cin maki a duk wasannin. To ta yaya wanda ya fi kowa ci zai zama shi ne matsala? Kuma me ya sa ƙasa biyu za su zauna su yi ta buga wasa har sau bakwai babu wani kofin duniya a gaba? Don Allah a yi min bayani yadda nima zan sa baki."

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta farko yaya za a yi mutumin da ya fi kowa tara maki a ce da shi aka faɗi, ta biyu kuma mene ne amfanin irin wannan jerin wasanni tsakanin ƙasa da ƙasa. Kuma ka yi sa'a, don wannan jerin da abokan ɗakinka suke faɗa a kai na kalle shi tun daga wasan farko har na bakwai, lokacin ina aiki a Sharja, a wani ɗakin cin abinci da in ka shiga za ka rantse a Karachi kake. Ni ma kamar kai na fara, ban san komai ba, sai da abokaina masu buga kurket suka ba ni littafin rubuta maki na riƙe musu kusan shekara biyu kafin su yarda su ba ni sanda.

Bari in fara ba ka abin da za ka riƙe kafin mu shiga labarin, in ba haka ba lambobin za su ruɗa ka. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangare ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗaya na duka, sai a yi canji sau ɗaya shi ke nan. Jifa shida shi ake kira oba, a T20 kowane ɓangare oba 20 yake da ita, wato ƙwallo 120 ke nan, shi ya sa cikin awa uku da ɗan wani abu an gama, ba kamar tsohon salon da ake kwana biyar ana abu ɗaya ba. Masu duka biyu ne a fili a kowane lokaci, in sun doki ƙwallo suka yi gudu suka yi musanyar wuri maki ɗaya ne, in ƙwallo ta gangara ta taɓa igiyar bakin fili maki 4, in ta tsallake ta sama maki 6. In an fitar da mai duka, ko an cafe ƙwallonsa a sama ko an kaɗe sandunan nan uku da ke bayansa, sai a ce an ci wiket ɗaya, kuma wanda ya fita ya fita ke nan ba ya dawowa a wannan wasan. In aka fitar da 10 wasan ɓangaren ya ƙare ko da sauran ƙwallo. To in ka ga an rubuta 166/4, ma'ana sun ci maki 166 an fitar musu da mutum 4. Ka riƙe wannan da kyau: ƙwallo 120, mutum 10. Duk gardamar ɗakinku a kan waɗannan lambobi biyu take.

Yadda aka yi wasanni suka kai bakwai

Bakwai ɗin ba al'ada ba ce, yawanci uku ake yi ko biyar. Akwai labari a bayansa. Ranar 3 ga Maris 2009 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Siri Lanka wuta a Lahore dab da filin Gaddafi, aka kashe 'yan sanda shida aka jikkata 'yan wasa, daga nan ƙasashe suka daina zuwa Pakistan, ta koma tana karɓar baƙinta a Dubai da Abu Dabi da Sharja shekara da shekaru. Ka yi tunanin a ce Super Eagles duk wasan gida sai a ƙasar wasu. Zimbabuwe ce ta fara komawa a 2015, a hankali wasu suka biyo baya. Ita Ingila rabonta da Pakistan tun 2005. An shirya za ta je a Oktoba 2021 ta buga wasa biyu kawai, sai ga 'yan New Zealand sun fasa nasu wasan a Rawalpindi ana dab da farawa suka ce an ba su bayanan tsaro suka tattara suka tafi, bayan 'yan kwanaki Ingila ita ma ta janye. Ran mutanen Pakistan ya ɓaci ba kaɗan ba. To don a wanke wannan laifin sai aka ɗora waɗancan biyun a kan biyar ɗin da dama aka tsara na 2022, suka zama bakwai, huɗu a Karachi uku a Lahore, daga 20 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba. Kuma lokacin ne ambaliyar nan ta cinye wani babban yanki na ƙasar, har kuɗin tikitin wasan farko aka ce a ba wa waɗanda abin ya shafa. Ka ga ke nan ga ɗan Pakistan wannan ba wasan sada zumunta ba ne kawai, magana ce ta mutunci, shekara 17 ana jiran baƙo.

Wani abin da ya ƙara wa abin armashi, kyaftin ɗin Ingila Jos Buttler ya je amma ciwon ƙafa ya hana shi bugawa, sai aka ba wa Moeen Ali jagoranci, Musulmi haifaffen Birmingham wanda kakansa daga yankin Mirpur ya fito. Su kuma Pakistan ba su da Shaheen Afridi, babban mai jifansu, gwiwa ta kwantar da shi.

Abin da ya faru a fili

Wasan farko Pakistan ta yi 158/7, Rizwan ya ci 68, Ingila ta kamo su cikin sauƙi, Alex Hales da aka dawo da shi bayan sama da shekara uku a waje ya ci 53. Wasa na biyu kuma shi ne wanda abokinka mai kare su Babar zai riƙa kawo maka kullum, kuma wallahi yana da hujja. Ingila ta tara 199/5, kowa a ɗakin cin abincin nan ya cire rai, sai Babar Azam da Mohammad Rizwan, masu fara wa Pakistan duka, suka shiga su biyu kacal suka cinye makin gaba ɗaya ba a fitar da ko ɗayansu ba, 203 babu wiket, Babar 110 Rizwan 88. Ranar mai shagon shayi kyauta ya raba.

Washegari Ingila ta rama da 221/3, wani yaro Harry Brook da a lokacin ba kowa ya san shi ba ya ci 81 daga ƙwallo 35 kacal, Ben Duckett ya ƙara 70, sannan Mark Wood ya zo yana jifa da gudun da ya kai kilomita 156 a awa, aka fitar da Babar da Rizwan da wuri, shi ke nan wasa ya mutu, Pakistan ta faɗi da tazarar maki 63.

Na huɗu da na biyar Pakistan ce ta ci, amma ka dubi yadda ta ci. A na huɗu ta yi 166/4, Ingila ta zo saura maki 5 take nema daga ƙwallo 10 kuma da sauran mutum uku a hannu, Liam Dawson ya riga ya gama ragargazar su, mutane har sun fara miƙewa, sai Haris Rauf ya fitar da mutum biyu a jifa biyu a jere, a oba ta ƙarshe aka kama na ƙarshe yana gudu bai kai layi ba, Pakistan ta sha da maki 3. A na biyar a Lahore duk aka fitar da su a 145, sai wani sabon yaro Aamer Jamal da ranar ce farkon wasansa aka ba shi oba ta ƙarshe Ingila na neman 15 ga Moeen Ali a tsaye, ya riƙe shi, suka sha da maki 6. Pakistan ta shige gaba 3 da 2. Daga nan kuma sai labari ya juya, na shida Pakistan ta yi 169/6 Babar ya ci 87 ba a fitar da shi ba, Phil Salt ya zo ya ci 88 daga ƙwallo 41, Ingila ta gama a oba 14.3, wato oba 14 da jifa uku, da ragowar ƙwallo 33 da ba ta ma buƙata ba. Na bakwai Ingila 209/3, Pakistan 142/8, tazarar maki 67. Ingila 4, Pakistan 3.

In ka ji 4 da 3 za ka ɗauka an yi kare jini biri jini. Amma jera su ka gani, nasarorin Pakistan biyu daga cikin ukun da ƙyar aka sha kuma masu jifa ne suka cece su, ɗayar kuma dare ne irin wanda ba ya maimaituwa, su kuwa Ingila uku daga cikin huɗunsu lallasa ce ta fili.

To ina laifin Rizwan?

Rizwan ya ci 316 a wasa shida, ba wanda ya kai shi. Brook 238 ya ci amma shi aka ba wa gwarzon jerin. Ba son kai ba ne. A T20 ba a tambayar nawa ka ci kawai, ana tambayar ƙwallo nawa ka cinye kafin ka ci su, don ƙwallon da ka tsaya a kai ɗan'uwanka da ke zaune yana jira ba zai same ta ba. Dubi wasa na huɗu, Rizwan ya ci 88 daga ƙwallo 67. Shi kaɗai ya cinye fiye da rabin ƙwallayen ƙungiyar. Salt kuma 88 ɗin dai ya ci amma daga 41. Maki ɗaya ne a takarda, amma Salt ya bar wa 'yan'uwansa ƙwallo 26 da Rizwan bai bari ba, kuma ƙwallo 26 a hannun masu duka na ƙarshe za ta iya zama maki 35 ko 40. Masu lissafin kurket suna auna wannan da cewa in an ba ka ƙwallo 100 nawa za ka ci, na Rizwan a ranar wajen 131 ne, na Salt ya haura 210, na Brook a wasa na uku ya haura 230.

Kuma ka tuna 166/4 ɗin nan, mutum 4 kawai aka fitar, ke nan akwai masu duka da suka sa kaya suka zauna har aka tashi ba su taɓa sanda ba. Wiket ɗin da ba ka kashe ba ba a ajiye maka ita zuwa wasan gobe. Kamar mai ƙosai ce da ta yi ta tattalin ƙulli kar ya ƙare da wuri, hantsi ya yi masu saye suka watse, ta koma gida da rabin roba, ƙullin nan gobe ya yi tsami. A tsohon salon kwana biyar tattalin wiket shi ne hankali, a ƙwallo 120 kuwa sau da yawa asara ce.

Wurin da wannan ya fi ciwo shi ne oba shida na farko. A wannan lokacin doka ta ce mutum biyu kawai masu tsaro za su tsaya a wajen da'irar tsakiya, sauran duk suna ciki, to bakin fili a buɗe yake, duk ƙwallon da ta wuce kan mutane maki 4 ce. Bayan oba shida sai a bar mutum biyar su koma baya. Ingila tun bayan kunyar da ta sha a kofin duniya na 2015, lokacin da Bangladesh ta kore ta, Eoin Morgan ya sauya musu tunani gaba ɗaya, cewa ka shiga ka yi duka tun daga ƙwallon farko, in an fitar da kai ba komai akwai wani a baya, kuma suna zaɓen 'yan wasa ta yadda har na takwas da na tara sun iya duka. Pakistan kuma tsarinta shi ne Babar da Rizwan su kafa gindi tukuna, a kai 160 ko 170, sai a miƙa wa masu jifa su kare. In fili na da wahala tsarin na aiki. In fili shimfiɗaɗɗe ne kamar na Karachi, ko raɓa ta sauka da dare ƙwallo ta jiƙe tana zame wa masu jifa, 165 ba ta isa komai ba.

Ni kaina na sha wannan darasin. A Sharja ranar Juma'a da sassafe muke buga irin ta unguwa, ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif ɗin lantarki, a filin ajiye motoci, oba 10 kowane ɓangare. Ranar da aka fara sa ni a gaba na ci 22 daga ƙwallo kusan 30 ba a fitar da ni ba, na fito ina ta washe baki ina jiran yabo, kyaftin ɗinmu wani dattijo ɗan ƙabilar Fatan ko kallona bai yi ba. Da muka faɗi sai ya karɓi littafin da ni na saba rubutawa ya nuna min sunaye biyar da ba su shiga ba ya ce waɗannan sun tashi tun asuba don su kalle ka ne? Tun daga ranar in ina koya wa yara a makaranta bayan na dawo gida, wanda ya ci 15 daga ƙwallo 7 ya fita na fi yaba masa a kan wanda ya ci 25 daga 28 ya tsaya.

Amma ɗaya abokin naka ma ba shirme yake ba

A nan zan yi adalci. Dalilin da ya sa Babar da Rizwan suke taka-tsantsan shi ne sun san abin da ke bayansu. Duk ranar da aka fitar da su da wuri a wannan jerin, kamar wasa na uku da na bakwai, sauran ba su iya ɗaukar kayan ba, Shan Masood ne kawai yake tsayawa ya ci sama da hamsin bayan wasa ya riga ya kuɓuce. A wasa na biyar da aka fitar da su duka a 145, 63 na Rizwan ne, cire shi ka ga abin da ya rage. To wanne ya haifi wanne? Na tsakiya ba su da ƙarfi shi ya sa na gaba suke tsoro, ko kuwa na gaba ne suke cinye ƙwallaye shi ya sa na tsakiya ba su taɓa samun damar gogewa ba, kullum sai saura oba uku a ce su shiga su yi abin al'ajabi? Ni ra'ayina na biyun ya fi nauyi, kuma laifin ya fi komawa kan masu zaɓen 'yan wasa da masu horarwa da suka bar tsarin a haka, ba kan Rizwan ba, shi aikin da aka ba shi ya yi kuma ya yi shi fiye da kowa. Mako ɗaya da 'yan kwanaki kafin a fara jerin ma an ga alamar, a wasan ƙarshe na kofin Asiya a Dubai Rizwan ya ci 55 daga ƙwallo 49 ana bin 171, Siri Lanka ta ɗauke kofi.

Sai dai ka sani ni daga talabijin na kalla, kuma iyakata kurket ɗin unguwa da na makaranta, ban taɓa tsayawa gaban ƙwallon da ke zuwa da gudun kilomita 150 ba. Abu ne mai sauƙi mutum na shan shayi ya ce a yi duka tun farko. Akwai manyan tsofaffin 'yan wasa da suke ganin tsarin Pakistan ya dace da irin masu jifan da take da su, kuma ba a banza suke faɗa ba.

Amfanin jerin wasanni

Kada ka kwatanta shi da wasan sada zumunta na ƙwallon ƙafa da ake canza mutum shida ana hamma. A kurket jerin wasanni tsakanin ƙasa biyu shi ne asalin yadda ake gwabzawa tun ƙarni na 19, kofin duniya daga baya ya zo, na T20 ma sai 2007 aka fara shi a Afirka ta Kudu. Kowane wasa yana shiga tarihin ɗan wasa, yana shiga jadawalin hukumar kurket ta duniya ICC, kuma kuɗin talabijin na ƙasar da ta karɓi baƙi ne, wanda shi ne abincin hukumomin. Sannan T20 wasa ne mai yawan sa'a, mutum ɗaya in ranarsa ce zai iya kayar da ƙungiyar da ta fi tasa, to wasa ɗaya ba ya nuna wa ya fi, amma in an yi biyar ko bakwai gaskiya tana fitowa, ana karantar juna, an gane wannan ba ya son gajeren jifa mai tasowa kai, wancan mai murɗa ƙwallo na damun sa.

Na 2022 kuma shiri ne na kofin duniya da za a fara a Ostareliya bayan mako biyu. A nan Ingila ta tabbatar Hales ya dawo da ƙarfinsa, ta gano Brook, ta ga Wood ya warke. Ita Pakistan ta je can Indiya ta ci ta, Zimbabuwe ta ci ta da maki 1, kowa ya ce ta fita, sai ta farfaɗo, wani yaro Mohammad Haris da aka sako daga baya ya zo yana irin dukan da ake ta roƙo, a wasan dab da na ƙarshe kuma Babar da Rizwan ɗin dai su suka kayar da New Zealand a Sydney, ka ga abokinka mai kare su ya sake samun abin faɗa. Sai ga su sun sake haɗuwa da Ingila a wasan ƙarshe a Melbourne ranar 13 ga Nuwamba, Pakistan ta yi 137/8, Sam Curran ya fitar da mutum uku ya ba da maki 12 kacal, masu jifan Pakistan suka yi iya yinsu kamar kullum har Shaheen ya sake jin ciwo a gwiwa wajen cafe ƙwallon Brook, Ben Stokes ya ci 52 ya kai Ingila gida.

Af, kar su raina ka su ce ƙasarku ba ta san wasan ba. Tun 2019 ICC ta ce duk wasan T20 tsakanin ƙasashe mambobinta na hukuma ne, Najeriya na ciki, ta karɓi Saliyo a Legas a 2021 an yi irin wannan jerin, kuma a Janairu 2025 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a kofin duniya a Malesiya. A Arewa ma tun zamanin Kwalejin Katsina ɗalibai na buga shi.

In gardamar ta sake tashi, kai dai ka tambayi mai kare Rizwan ƙwallo nawa 88 ɗin wasa na huɗu ta ci, sannan ka juya ka tambayi ɗayan wa zai sa a madadinsa a wasa na biyar da ya ci 63 cikin 145.